Na Yi Miki Kishiya a Ingila

Manchesta, Ingila
19 ga Afrilu

Zuwa ga uwargidana Hajiya Kaka, Ƙofar Ruwa, Kano.

Ya ƙafa, ya zafin bazara? Na san war haka kin ja tabarma gindin darbejiya, mafici a hannu, kina yi wa masu ɗauke wuta addu'ar da kika saba. Ki gyara zama, don labarin da nauyi: na yi miki kishiya.

Kada ki tara unguwa, ba 'yar mutum ba ce. Fulawa ce, sunanta firimros. Wata tsohuwar Baturiya da muke katanga ɗaya ta ba ni ita shekara biyu ke nan, ko sisin sadaki ban biya ba. Tsayinta bai kai taƙi ba. Ganyenta a yamutse yake kamar goshinki in an taɓa miki goro, furen kuwa ruwan ɗorawa ne mai haske.

Halinta ne abin mamaki. A garin nan, a watan Disamba, magariba kan yi kafin ƙarfe 4 na yamma. Ranar da rana ta leƙo sai ki ga mutane sun baje a ciyawa kamar shanyar kuɓewa. Amma ita baiwar Allah inuwa take so. Da na dasa ta a tsakar fili don a san na yi sabon aure, kwana kaɗan ta yi yaushi ta langaɓe. Tsohuwar ta leƙo ta katanga ta ce ai asalinta 'yar kurmi ce, ƙarƙashin bishiyoyi take fitowa. Na mai da ita gindin katanga inda rana ba ta daɗewa, sai ga ta ta miƙe. Amaryar kulle ke nan.

Abincinta ruɓaɓɓen ganye. Da kaka, ba ke ba, kakar da bishiyoyi ke zubar da ganye, nake sharo shi in ɗura a buhu, ya shekara yana ruɓewa, sannan in barbaɗa mata a gindi. Ruwa kuwa sai da awo: ƙasa ta bushe ta yi fushi, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Kin tuna yadda kike fama da ni in jawo guga ɗaya in zuba wa zogalenki, ni kuma in sulale kasuwa wurin masu kayan gyaran mota? To yau ga ni durƙushe da sassafe, ina tura yatsa cikin ƙasa don jin danshi. Alhaki kwikwiyo ne.

Tana da maƙiya kuma. Akwai wani dodon koɗi marar ƙoƙo da ke bin dare yana huda mata ganye. Tsohuwar ta ce in binne kofi cike da giya, ƙamshin zai jawo su su faɗa ciki. Na ce a'uzubillahi, jikan Hajiya da sayen giya, ko da ta dodon koɗi ce? Yanzu bayan isha nake fita da tocila ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gadin shagon rodi.

Da hunturu ƙanƙara ta danne ta, har na fara shirin zaman makoki. Watan Maris na kamawa ta fito da fure, tun bishiyoyi ba su yi toho ba. Ba a sake shuka ta, duk shekara da kanta take dawowa. In furen bana ya kaɗe zan tono ta in raba gindin uku in dasa, kin ga kun cika huɗu ke nan.

Gata kam tana da shi. Yau ma ranarta ce, don ranar 19 ga Afrilu 1881 wani tsohon firaministan ƙasar nan, Benjamin Disraeli, ya mutu, Sarauniya Biktoriya ta aika da furen nan wurin jana'izarsa. Akwai ma dokar 1981 da ta hana tumɓuke irinta a daji ba da izinin mai fili ba.

Sai dai ki kwantar da hankalinki. An ce ana cin ganyenta, na tsinki biyar na kwaɗa da ƙuliƙuli, loma ɗaya ba su cika ba. Ga shi ba ta iya zuwa Kano gaishe ki, don ranar Afrilu ta gindin Dala za ta gama da ita kafin azahar. Uwargida ran gida, girki yana hannunki. In an sami mai tahowa, a haɗo ni da busasshen zogale, kuka, daddawa da yajin nan naki mai sa atishawa.

A gaida Baba da Inna da duk yaran gida. Wanda ke ba zogale ruwa yanzu, a ce ina ba shi haƙuri.

Naki har kullum,
Maigidanki na Ingila