Sambarka da Rajistar Layin Waya

A gaishe da hukumomin sadarwa na Najeriya, a ƙara gaishe su. Samun gwamnatin da ta damu da sanin mai kowane layin waya kamar tamu sai an tona. Tun 2011 hukumar NCC ta sa aka fara rajista: a ɗauki hotonka, ka dangwala yatsu, ka faɗi garinku. Da kamfanin MTN ya yi jinkirin rufe layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, a 2015 aka lafta masa tarar naira tiriliyan 1.04. Daga baya aka yi zama irin na manya, tara ta sauko zuwa biliyan 330. Wa ya ce babu tausayi a ƙasar nan?

A Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, aka zo da babbar dabara: kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, domin duk wanda ya ɗaga waya ya yi ta'asa a san ko shi wane ne. Ana tsakiyar annobar korona, ana ce wa mutane su guji cunkoso, sai ga tsofaffi da masu goyo sun yi dafifi a ƙofar ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, tun asuba. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira. Mai shayi bai tsira ba, mai ƙosai ba ta tsira ba, ɗan acaɓa ma ya shiga hannu. Wannan aiki ya yi kyau!

Amma inda tsarin ya fi cancantar yabo shi ne yadda yake mutunta sirrin mai garkuwa da mutane. Daga cikin daji zai kira, lambarsa ɓaro-ɓaro a fuskar waya, ko wahalar ɓoye ta ba ya yi. Ya yi kwanaki yana ciniki da uban da ya sayar da gona da shanun noma, ya ƙara da sharaɗin a haɗo da babur da katin waya. Yau ya kira, gobe ya kira, hankalinsa kwance. Ina ƙasar da ta kai mu kunya da kawaici? Shi kansa tsohon ministan, a Janairun 2024, ya fito yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara. Ai gara haka. Da an taɓa su, da sun tsufa.

Kada kuma a manta hikimar Satumbar 2021. Da aka rasa gane masu kira daga daji, sai aka kashe sabis a Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji, amma dai babu wanda zai ce an yi kiran da ya saɓa wa doka.

Shi ma talaka ba a bar shi haka ba. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, har da hukumarta, NDPC. Shekara guda bayan nan ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ana sayar da bayanan 'yan ƙasa a intanet a kan naira 100. Ko ba komai an sauƙaƙa farashi. Shi ya sa ɗan damfara yake kiranka da cikakken sunanka, ya ce daga banki ne, ya nemi lambar da aka turo maka yanzu. Masu ba da rance ta waya kuwa sukan sada zumunci da surukanka da abokan aikinka, su shaida musu ana binka bashi.

Saboda haka jama'a, ranar da aka sake kiran sabuwar rajista, ku yi sammako ku bi layi, ku miƙa yatsu goma cif. Ku kuma iyalan da ke jiran kira daga daji, ku ci gaba da haɗa kuɗin fansa, domin har yau lambar da ke kiranku tana aiki.