Ni da Gwangwanin Siminti a Gardole

Sana'ar ɗinki tana da wani cin fuska da ba kowa ya sani ba: kullum kana riƙe da tef kana auna ƙirjin wasu. Shagona yana Gardole, ba nisa da Babbar Kasuwar Njamena, kuma a 'yan shekarun nan samarin da ke kawo mini shadda sun sauya siffa. Yaron da bara na ɗinka wa kayan salla yana ɗan firit, bana sai da na ce ya ƙaro yadi saboda kafaɗa. Ni kuwa awon rigar angoncina har yau bai motsa ba, in ban da ta wajen tumbi, inda ake samun ci gaba kowace shekara.

Uwargida ce ta ƙarasa ni. Muna cin tuwo ta dubi hannuna ta ce, "Malam, ko a ƙara wa agogon nan huda ne? Na ga yana neman gwiwar hannu." Ko murmushi ba ta yi ba.

Shi ya sa na nemi wurin ɗaga ƙarfe. Wurin yana bayan wani gida, ƙarƙashin rumfar kwano, ga shi watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40. Kayan aikin duka na gida ne: bencin katako, sandar ƙarfe, fayafayan da aka ciro daga matattun motoci, da gwangwanayen madara cike da siminti. A bango an manna hoton Ronnie Coleman, Ba'amurken da ya lashe gasar Mr. Olympia sau 8 a jere, daga 1998 zuwa 2005. Mai wurin, wani ƙato da wuyansa ya haɗe da kafaɗa, ya nuna hoton ya ce, "Baba, nauyi shi ne magana. Ɗaga biyar ko shida masu kyau, ka ajiye. Ƙaramin ƙarfe na masu jinya ne. Ka taɓa ɗagawa?"

Na ce ai ni nake sauke kan keken ɗinkina da kaina. Ya jinjina kai, ya zura faifai biyu a kowane gefe, ya sa wani yaro ya tsaya a kaina ko da ta ɓaci.

Saukowar sandar lafiya lau, don ba ta nemi taimakona ba. Da ta zauna a ƙirjina sai ta ga wuri ya yi mata. Na tura, shiru. Na waiga neman yaron, ashe waya ta kira shi, yana can bakin ƙofa yana dariya da Larabci. Na buɗe baki zan yi kururuwa, da Hausa ko Larabci ko Faransanci, duk wanda ya riga fitowa, amma abin da ya fito bai wuce kukan ɗan tsako ba. Sai na karkata sandar hagu. Fayafayan hagu suka zame, dama ta rinjaya, sandar ta yi tsalle, faifai ɗaya ya gangara tiryan-tiryan ya sami randar matar gidan. Ruwa ya malale, kaji suka watse, matar ta fito da muciya a hannu.

Da dare ɗan yayana, wanda ke karatu a jami'a, ya zo duba ni. Ya ce, "Kawu, wa ya aike ka? Shi Coleman ɗin an yi masa tiyatar baya da ta ƙugu ba sau ɗaya ba, har tafiya sai da sanduna." Sannan ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2016 daga Jami'ar McMaster ta Kanada. Maza 49 da suka saba da ƙarfe aka raba gida biyu na tsawon mako 12. Wasu na ɗaga mai nauyi sau 8 zuwa 12, wasu na ɗaga marar nauyi sau 20 zuwa 25. Da aka auna tsoka, girman da ta ƙara ya zo kusan ɗaya. Masu nauyin dai sun ɗan fi samun ƙarfi wajen turawa a kan benci.

Na tashi zaune, ciwo ya gudu. Ashe da arha ma ana samu!

Washegarin da na warware na koma, na kauce wa idon matar gidan, na zaɓi gwangwanaye mafiya ƙanƙanta. Na ɗaga kaɗan, na ji daɗi, zan ajiye, sai ga ɗan yayan nawa a bayana. "Kawu, ci gaba. Mutanen Kanada sai da hannu ya ƙi tashi suke ajiyewa." Wannan sharaɗin bai faɗa mini da dare ba, ko kuma ya faɗa ina cikin murna.

Ya yi mini bayani ina huci. Tsoka zare-zare ce, akwai ƙanana akwai manya, kuma jiki ƙananan yake fara turawa aiki. Manyan ba sa tashi sai kaya ya yi nauyi, ko ƙananan sun gaji liƙis. Kamar dai ni a shago: yara nake bari da ɗinki, ba na hawa keke da kaina sai daren salla ya matso. Mai babban ƙarfe yana tayar da manyan tun ɗagawar farko, mai ƙarami kuwa sai ya bi ta cikin wuta kafin ya kai gare su. Wutar kuma ta gaske ce. Damtsena ya yi ta raɗaɗi, gwangwanin da na raina ya fara rawa, gumi ya cika mini ido, ina karanto duk addu'ar da na haddace, yaron nan yana ta cewa "saura ɗaya, Kawu", ɗayan da ba ya ƙarewa.

Ciwon irin wannan aiki ba ranar yake zuwa ba, sai an kwana ɗaya ko biyu yake nuna kansa. Ni ranar Juma'a ya same ni. Na hau klando, wato babur ɗin haya, zuwa Masallacin Sarki Faisal, na kasa riƙe komai, na jingina da bayan mai babur har ya tambaye ni ko suma zan yi. Liman ya yi kabbara, kowa ya ɗaga hannu, nawa suka tsaya a cibiya. Bayan sallama wani dattijo da ke gefena ya dafa ni ya ce, "Sannu, bawan Allah. Hawan jini ne? Allah ya sa kaffara ce." Na ce amin, don bayanin ya fi ciwon tsawo.

A gida, uwargida tana shafa mini man zafi tana tambaya wanne ya fi, babban ko ƙaramin. Na ce duka suna gina jiki, bambancin kawai babban a take yake neman ranka, ƙaramin kuma bashi yake ba ka ya zo karɓa jibi. Yanzu matsakaici nake ɗagawa, wanda yake gajiyar da ni wajen goma, na daina kallon hoton bango.

Kai kuma mai karatu, in za ka kwanta ƙarƙashin sanda, fara karɓe wayar wanda zai tsaya maka a ka. Randar nan jaka biyar matar ta yanke mini, kuma ta ƙi ragi.