Ranar Zubin Dal: Su Wa Ke Toshe Bututu?

Maraɗi gari ne da ya saba faɗaɗa a kwance tun lokacin da ambaliyar 1945 ta taso shi daga kwarin Gulbi zuwa kan tudu, amma yanzu ya fara miƙewa tsaye. Tun hidimar Maraɗi Kwalliya ta 2015 ido ya saba da bene a Ali Ɗan Sofo da unguwar Zariya da bakin hanyar Ɗan Isa. Mafi yawan dal ɗin benayen nan har gobe da ka ake zuba ta: betoniyer na ruri a ƙasa, samari sun yi layi a kan tsani, kwano na bin kwano. Sai a manyan shantiye ake ganin motar famfon kankare ta kafa ƙafafunta huɗu ta miƙa dogon hannunta bisa gini. Masu yabonta sun ce ta zo ta raba mu da hayaniyar ranar zubi. Ban yarda ba. Masu ɗauka kaɗai ta rage, ba ta rage ko mutum ɗaya cikin masu ba da umarni ba. Abin da ta ƙaro shi ne shaida. Kwano yakan ɗauki duk abin da aka zuba masa ba gardama, bututu kuwa in aka cuce shi sai ya toshe a bainar jama'a. Kuma da wuya ya toshe ba tare da hannun ɗaya daga cikin mutanen da zan lissafo ba.

A fara da maigida, tunda kuɗinsa ne. An tambaye shi tun jiya: "Alhaji, akwai hanya?" Ya ce, "Hanya? Tirela ma tana shiga." Da gari ya waye sai a tarar da lungu ne wanda amalanke ma sai jaki ya yi shawara kafin ya kutsa, ga wayar lantarki ta ratsa daidai inda hannun motar zai tashi. In an sha wuya an shiga, an saukar da ƙafa, ƙasa ta fara lotsawa ƙarƙashin motar da ta haura tan 20, sai ya dafa hula ya ce, "Af, ai nan tsohuwar shadda ce, na manta." Ba mugu ba ne. Ya ɗauko motar ne rabi don aiki, rabi don maƙwabta su gani, shi ya sa yake so a jinkirta zubi har abokinsa ya iso daga Tibiri ya shaida. Abin da bai gane ba shi ne kankare bai san Alhaji ba. Daga lokacin da ruwa ya taɓa siminti awa ɗaya da rabi ne ko biyu a hannu, a zafin Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da ma'auni ke wuce 40, ko hakan ba a samu.

Amma gwanina, wanda ba na gajiya da kallonsa, shi ne Ƙara-Ruwa. Ba shi da muƙami a shantiye, ba wanda ya san wa ke biyansa. Wani lokaci ƙanen uwargida ne, wani lokaci tsohon lebura ne da ya taɓa ci-rani a Tamanraset, kuma ba zai bari a manta da hakan ba. Wurin tsayuwarsa ɗaya ne: bakin mazubin motar. Zai goya hannu a baya, ya karkata kai, ya dubi kwaɓin da ke gangarowa da idon tausayi, ya yi tsaki a hankali, sannan ya ce, "Kai, wannan ya yi ƙarfi. A ɗan sa mai ruwa." In ka leƙa bayansa za ka ga tiyo na hannunsa tun kafin ya yi magana, ya naɗe bakinsa da yatsa yana jiran izini. Injiniya ya hana shi, ya ce, "To, ranka ya daɗe, ku ne masu karatu," ya ja da baya taku uku. Ba tafiya ya yi ba. Jim kaɗan sai ga shi ya zama mai tsabta: shebur ya yi datti, bari ya wanke, kuma duk faɗin filin nan babu inda ya dace da wankin shebur sai bisa mazubi. Ya wanke shebur, ya wanke hannu, ya wanke takalmin roba, ya ɗauraye bokiti biyu da ba wanda ya ce sun ƙazanta. Da za a bar shi, alwalar azahar ma nan zai yi. Burinsa a duniya kankare ya koma kunu, ya malala da kansa cikin ƙarafa, kowa ya huta da ja da baza. Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne: kankaren dal ana sa masa siminti kilo 350 a kowane mita kubik, buhu 7 ke nan, ruwa kuma kimanin rabin nauyin simintin, wato wajen lita 25 ga buhu. Duk abin da ya ƙaru a kan haka zai ƙafe ya bar ƙananan kafofi a cikin dal, ƙarfinta ya ragu, damina ta sami hanyar ɗiga. A cikin bututu ma ba ya taimako. Kwaɓi in ya tsinke sai ya rabu, ruwa da siminti su yi gaba, tsakuwa ta taru a gwiwar bututu ta cije. Mota ta yi nishi ta tsaya. Wa zai fara ɗaga murya? Shi. "Ban faɗa ba? Ruwa ya yi kaɗan!"

Za a ce ina zaluntarsa, domin ƙasarmu ƙasar zafi ce, yashin Gulbi da rani busasshe ne ƙayau, bulon urdi da katako suna zuƙe ruwa, kuma busasshen kwaɓi shi ma yana toshe bututu. Duk gaskiya ne. Yashin da aka ɗebo bayan damina da wanda aka ɗebo a watan Maris ba ruwa ɗaya suke sha ba, dole a gyara awo. Sai dai gyaran awo aikin mutum ɗaya ne mai bokitin da aka san cikinsa, a wurin kwaɓi, kafin kankare ya iso mazubi. Ƙishin bulo da katako ana kashe shi ne da yayyafi kafin a fara. Zafi ana guje masa da zubin asuba ko na dare. In ana son laushi akwai maganin da ake ɗigawa a kwaɓi ya saki jiki ba tare da ƙarin ruwa ba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne akwai lokacin da dal ke roƙon ruwa da gaske, wato tsawon makon farko bayan zubi, safe da yamma, don kada ta tsage. A wannan makon ko da fitila ka nemi Ƙara-Ruwa ba za ka gan shi ba.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Baba magini, wanda ya gina rabin Sabon Gari da hannunsa, yana zaune bisa bulo yana jiran motar ta lalace don ya ce a zamaninsu ba a yin haka. Addu'arsa kuma takan karɓu. Akwai masu ba da hannu, mutum biyar a bakin dal, wannan na cewa dama, wancan hagu, na uku yana kiran a tsaya, na huɗu ashe matarsa yake wa nuni ta kawo fura. Akwai direban tupi, motar da ke kawo kwaɓaɓɓen kankare, da ya ce "ga ni nan a kwana" alhali bai bar hanyar Jiratawa ba. Akwai ɗan hoto, wanda ke taka ƙarafan da aka ɗaure jiya yana neman inda hannun motar zai fito a bayansa don Facebook. Akwai maƙwabci mai burweti, wanda bai taɓa gaishe da maigida ba sai yau, yana tsaye da murmushi yana jiran ragowa don dokin ƙofarsa, kuma tun ana rabin aiki yake ganin kankaren nan ya yi yawa.

Shi kansa mai sarrafa motar ba waliyyi ba ne. Ya rataya akwatin sarrafawa a ciki, ya toshe ido da baƙin gilashi, ba ya amsa gaisuwa sai da haɓa. Ya san shi kaɗai ne a wurin wanda in ya yi fushi aiki ya tsaya, yana kuma sha'awar a tuna da hakan. In yana sauri yakan so ya tsallake ruwan simintin da ake fara turawa don bututu ya yi santsi, sannan in ya toshe a mita na farko ya ɗora wa tsakuwa laifi. In an gama, wankin mazubi a ƙofar gidan mutane yake yi, washegari su tashi su tarar da dutse. Duk da haka ina ɗaga masa ƙafa, domin shi ne ke daka wa jarumin shantiye tsawa, wato saurayin nan da ke rugawa da guduma zai kwance maɗaurin bututu tun ba a sauke matsin da ke ciki ba, ko ya rungume tiyon ƙarshe a ƙirji lokacin da iska ta shiga layi. Tiyon nan in ya yi bulala yana iya jefo mutum daga bene. A nan rashin fara'ar mai motar rahama ce.

Akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a yi masa dariya ba. Ranar zubin dal ranar samu ce ga samarin da ke shigowa birni da rani daga ƙauyukan Tibiri da Jiratawa da Madarumfa, bayan an kai gero rumbu. Motar da ke yin aikin mutum talatin cikin ƴan awoyi ta ɗauke musu jikkunan da za su koma da su gida. Wannan gaskiya ne, kuma ba na ganin ƙaramin gida mai hawa ɗaya yana da hujjar kiran famfo. Amma dal mai faɗi, ko hawa na uku da na huɗu, in aka ce da ka za a zuba, kafin a kai ƙarshe farko ya daskare, a sami gaɓa a tsakiya inda sabo bai kama tsoho ba, ga kuma mutum yana hawa tsanin katako da kaya a ka tun safe har la'asar. Mita kubik ɗaya na kankare ya kai kilo 2,400. A lissafa kwano nawa ke nan a wuyan ɗan wani.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanda ya fi kowa rera wannan ƙorafi ba lebura ba ne. Mai cin buhu ne. Shi ne ɗan kwangila ko shugaban aikin da zai dubi maigida da fuskar imani ya ce, "Alhaji, a bar motar nan, a bar talakawa su ci abinci." Ba talakawa ne a ransa ba. Ya san kwaɓin da aka yi da buhu 5 a maimakon 7, da yashi mai laka da tsakuwar da ba a tankaɗe ba, kwano zai kai shi sama lafiya lau, a shafe fuskarsa da cokali ya yi sumul, amma bututu ba zai haɗiye shi ba, domin siminti ne ke sa kwaɓi ya zame a ciki. Motar za ta tona shi tun a awar farko, shi ya sa yake ƙinta. In kuma an tilasta masa ita ta toshe, zai rantse cewa injin ne tsoho. An biya kuɗin siminti cif, na Malbaza ne ko wanda ya tsallako daga Najeriya, amma da dare wasu buhuna sun bi amalanke. Shi ne kuma zai zare turakun da ke tallafe da dal bayan kwana goma don ya kai su wani aikin, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. A nan raha ta ƙare. Ƙara-Ruwa jahilci ne ke ɗawainiya da shi, yana kuma yin ɓarnarsa a gaban kowa. Mai cin buhu kuwa ya sani sarai. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi, waɗanda za su kwana ƙarƙashin dal ɗin, ko su zauna a aji, ko su yi sahu a masallaci, ba su san sunansa ba, ba su kuma ci ko dala a ciki ba. Wannan ba wayo ba ne, cin amana ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa a gaban mutane.

Saura mu, ƴan gindin dogon yaro, masu shayi da bayani. Ba mu taɓa ɗaga shebur ba, amma mun san dalilin kowace toshewa, mun san awon da ya kamata, wasunmu har rubutu suke yi a kai. Mu ne muke tare wa tupi hanya da baburanmu, sannan mu yi tsaki mu ce direban bai iya ribas ba.

Alhaji mai gini, ranar zubi ka bar wa yara kallon hannun motar. Sa kujerarka inda ake farke buhu, ka ƙirga fanko da kanka kafin a kwashe, ka karɓe tiyo daga hannun ƙanen uwargida ka ajiye sai gobe da safe, kuma kada ka yarda a taɓa turaku sai injiniya ya ce a taɓa.