Oga Ɗan Ina Ne?

Mu mutanen Kafanchan, da an ce an naɗa sabon shugaba a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ba ruwanmu da abin da ya karanta. Tambayar farko a teburin mai shayi ita ce: "Ɗan ina ne?" Bajju ne ko Atyap, Ham ko Kaninkon? Coci yake zuwa ko masallaci? Kafin shayin citta ya huce mun gama yanke masa hukunci, shi kuwa bawan Allah ko makullin ofis ba a miƙa masa ba.

Tambayar tana da tushe. Tun 1977 kwalejin nan take horar da malamai, da wuya ka shiga unguwa ba ka sami mai takardar NCE ɗinta ba. Manyanmu kuma ba su manta ba, a harabarta rikicin watan Maris na 1987 ya faro. Sai dai ƙabilar oga ba ta taɓa duba takardar jarrabawar ɗalibi ko ɗaya ba.

Akwai wani dattijo da muke zama da shi, ya yi ritaya daga wata kwalejin da ba zan kama sunanta ba. Ya ce shugabanni biyu ya fi tunawa. Na farko mai kafa rajistar zuwa aiki ne: ƙarfe takwas daidai a ja layi da jan biro, wanda ya makara ya sha takardar tuhuma.

"To Baba, ai aiki ya tafi daidai ke nan?"

Ya yi dariya har da tari. "Ɗana, sa hannu dai ya tafi daidai. Mutum ya rattaba suna, ya rataye kwat a bayan kujera, ya hau babur sai gonar citta. Kwat ɗin ne ke aiki har la'asar."

Na biyun bai cika faɗa ba. Amma lokacin da ɗalibai ke koyon koyarwa a ƙauyuka, sai ka gan shi kwatsam a bayan aji, zaune kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Kuɗin mai na zagayen duba ɗalibai yana fita kafin tafiya, fayil ɗin ƙarin girma ba ya kwana a teburinsa, in an yi taro yana barin ƙaramin malami ya ƙarasa magana. Baba ya ce a zamaninsa kunya ce ke hana mutum riƙe sakamakon jarrabawa wata uku.

Mu dai kowa ya san halinmu. Muna son shugaba mai tsanani, amma a kan ɗan maƙwabci. In namu ne ya faɗi jarrabawa, da magariba ga mu a ƙofar oga da doya da zakara, wai gaisuwa muka zo.

A 2017 gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Mun yi ta zagi a teburin mai shayi, wasu gwamna, wasu malaman. Ban ji wanda ya tambayi wa ya sa hannu a takardun shaidarsu ba.

Saboda haka maƙwabci, in an sake naɗa wani, bar asalinsa tukuna. Tambayi direbansa ko ya san hanyar makarantun ƙauye.