Rijiyar da Sarauniya Ta Bari a Bundi

A jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, akwai tsohon gari mai suna Bundi. Baƙin da ke tururuwa zuwa Jaifur da Udaifur ba kasafai suke ratsewa wurinsa ba. Sarautarsa ta gidan Hada ce, wani reshe na jarumawan Rajput, waɗanda suka karɓe kwarin daga hannun ƙabilar Mina a zamanin sarkinsu Rawo Dewa. 'Yan gidan Hada ne suka kafa ganuwar Taragar a bisa dutse a shekarar 1354, daga baya suka gina fada a jikin gangaren, bene kan bene, tana leƙen rufin kowane gida.

Mutanen garin suna ba da labarin wani sarkinsu, Anirud Sing, wanda uwargidansa ba ta samu haihuwa ba. Ya auro Natawati, ta haifi ɗa namiji, sai kishi ya tashi. Amaryar ba ta tsaya jayayya ba. Ta miƙa wa uwargida yaron, ita kuwa ta mai da hankalinta ga shayar da jama'a. A 1699 ta gina rijiyar da har yau ake kira Raniji ki Bawori, mai zurfin mita 46.

Ba irin wadda ake zura wa guga ba ce. Ƙofa ake shiga, doguwa, an sassaƙa giwaye a kan ginshiƙanta, sannan a bi matakala ana gangarawa. Kowane taku zafin rana na raguwa, har a iso inda dutse ke da sanyi a tafin ƙafa. Ƙasar tasu damina wata uku ce, saura duk rani. Idan ruwa ya cika, mace ta sauka taku kaɗan ta ɗiba. Idan ya ja baya, matakalar na nan tana bin sa har ƙasa. A nan mata ke hutawa da tulunansu, matafiyi ya yi ƙailula. Sarakai da attajirai suka shiga rige-rigen irin wannan aiki, har garin ya tara rijiyoyi da tafkuna masu matakala fiye da 50.

Sai famfo ya zo, rijiyar burtsatse ta biyo baya. Ba wanda ya yi shelar a kashe tsofaffin rijiyoyin, kuma ba wani maƙiyi da ya zo da yaƙi. Mai shagon da ke bakin ɗaya ya ga rami ne ba mai shi, ya share ƙofarsa ya tura ciki. Maƙwabcinsa ya gani, ya ce ai ba ni na fara ba. Wani ya karkato da kwatar gidansa. Hanyoyin da ke kawo ruwan sama daga dutse aka yi gini a kansu. Yau ta sarauniyar tana da mai gadi da tikiti, amma da yawa daga cikin sauran leda ce da robar ruwa ke iyo a kan koren ruwa, wasu kuma sun ƙafe ƙurmus. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutumin da ya zubar da sharar da safe, shi ne da yamma zai tare baƙo yana bugun ƙirji: "Kakanninmu fa suka gina wannan!"

Fadar ma ba ta tsira ba. A ɓangaren da ake kira Citrashala, zanen bango na zamanin sarki Ummed Sing yana nan da shuɗinsa da korensa, ga Kirishna abin bautar Hindu, ga 'yan rawa, ga ayarin giwaye, domin hukuma na kula da wurin. Ɗakunan da ke gefe kuwa warin kashin jemage ne ke yi wa mutum maraba. Magajin gidan sarautar ya rasu a 2010 bai bar ɗa ba, rigimar gado ta tafi kotu, kuma kowa ya san rufi ba ya jiran alƙali kafin ya fara yoyo. Can sama a Taragar ciyawa ta cinye hanya, birai sun zama masu gida, sai da sanda a hannu ake hawa.

Wannan duk a Indiya ne, nesa ƙwarai. In kai mai karatu garinku na da ganuwar da ake yankar ƙasarta ana yin bulo, ko kududdufin da aka cike da shara aka yanka filaye, ko ƙofar gari da aka rushe don a faɗaɗa titi, kada ka tsargu. Ni da mutanen Bundi nake.