Yadda Za Ka Koyi Jita Ba Tare Da Ka Je Mararraba Da Tsakar Dare Ba

Tunda ka ƙudiri niyyar koyon jita, ƙanena, ko ba jima ko ba daɗe wani zai ba ka labarin Robert Johnson, don haka gara ka ji shi daga bakina. Ɗan jihar Misisipi ne a kudancin Amurka, an haife shi a 1911. Manyan makaɗan buluz na yankin, irin su Son House, sun san shi da naci, yaron da in ya ɗauki jita jama'a ke roƙon a karɓe ta daga hannunsa. Sai ya ɓace na wani lokaci. Da ya dawo, yatsunsa na yin abin da ya sa manyan suka saki baki. Nan take labari ya bazu wai ya je mararrabar hanya ne da tsakar dare, shaiɗan ya saita masa jita, shi kuma ya sayar masa da ruhinsa.

Kada ka je. Ban da haramci, akwai sauro, akwai 'yan sintiri, kuma sirrin ba a can yake ba. Abin da masu bincike suka gano shi ne ya tare a gidan wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman, suna fita da dare su zauna a maƙabarta su yi ta kaɗawa, domin a nan ne kawai ba mai cewa sun hana shi barci. Maƙabartar ma ban ba ka shawara ba. Ɗauki sauran: malami, wurin da ba za ka dami kowa ba, da maimaici har gari ya waye. Waƙoƙi 29 kacal Johnson ya bari a faifai, a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana da shekara 27, amma har yau duk mai koyon buluz sai ya bi ta ƙofarsa.

Uzuri na farko da za ka kawo na san shi: wai sai ka tara kuɗin jita mai kyau. Yaran gonakin auduga na Misisipi waya ɗaya suke warewa daga jikin tsintsiya, su kafa ta a bangon ɗaki da ƙusa biyu, su cusa kwalba a ƙarƙashi don ta yi tauri, shi ke nan an sami abin kiɗa. Jimi Hendrix da tsintsiyar kanta ya fara, yana rungume ta yana kwaikwayo, kafin a saya masa jitar dala 5 yana ɗan shekara 15. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar da yanzu ke cika filayen wasa a Turai da Amurka, da katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zaga duniya. Kai shida za a ba ka. Me kake jira?

Abu ɗaya kawai za ka duba wurin saye, ko sabuwa ce ko ta hannu: tazarar tsirkiya da wuyan jitar. In ta yi nisa har kana iya zura fensir a tsakani, ajiye ta ka yi wa mai kaya sallama, domin irin wannan jitar ce ke sa mutum ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. In ka saya, kada ka jingine ta a rana, kada ka bar ta a fili lokacin hunturu. Katako ne, busasshiyar iska na tsage shi ta lanƙwasa wuyan.

Kafin ka buga komai, saita ta. Daga tsirkiya mai kauri zuwa siririya sunayensu E, A, D, G, B, E, kuma akwai manhajar waya kyauta da za ta nuna maka in ka ɗaure ko ka sassauta. Yi haka kullum, duk lokacin da ka ɗauke ta. Iyalinka za su iya jure ɗan koyo, amma ɗan koyo da jitar da ba a saita ba, ko mahaifiya sai ta ce a je a yi a waje. Sannan ka yanke farcen hannun da ke danna tsirkiya, har da dogon nan na ƙaramin yatsa da ka yi shekara kana kiwo. Na san kana ji da shi. Yi masa bankwana.

Makonnin farko kan yatsunka zai yi ja, ya yi zafi, tsirkiya ta zana maka layi a kai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Minti 15 ko 20 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar, domin kanta a hankali take fitowa, kuma in ta fito zafin ya wuce. In ka ji za ka yi kuka, tuna da Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath. Yana ɗan shekara 17 injin wata masana'anta a Birmingham ta Ingila ya gutsure masa kan yatsu biyu, a hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya sassauta tsirkiyoyinsa don su yi laushi, daga nan kuma aka sami wannan sauti mai nauyi da ya zama tushen wani reshe guda na kiɗan rok. Kai dai ja kawai naka suka yi.

Yanzu ga abin da ya sa nake ƙaunar buluz, nake kuma son ka fara da shi. Kamu uku ne. Kamu shi ne yadda kake danna tsirkiyoyi da yawa lokaci ɗaya su ba da sauti guda, abin da makaɗa ke kira kod. Koyi E, da A, da B7. Sai ka jera su a gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu: gaɓa huɗu a E, biyu a A, ka koma E biyu, ɗaya a B7, ɗaya a A, ka rufe da biyu a E, ka sake daga farko. Iyakar ginin ke nan. Makaɗin buluz Muddy Waters a kansa ya zauna, "Johnny B. Goode" ta Chuck Berry ta 1958 a kansa take, waƙar da aka sa a faifan zinaren da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Wato abin da za ka iya haddacewa kafin shayi ya huce ya riga ya fita daga duniyar nan.

Haddacewar ce mai sauƙi. Abin da zai ci maka watanni shi ne hannun da ke kaɗawa. Ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita sun raba shi gida-gida. Bar tsirkiya mai kauri a buɗe, danna ta kusa da ita a gida na biyu, buga su tare sau biyu, matsa zuwa gida na huɗu, buga sau biyu, ka dawo. Amma bugun biyun nan ba tsayinsu ɗaya ba, na farko dogo ne na biyu gajere, kamar tafiyar mai ɗingishin da ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. In ka daidaita su, ka yi kiɗan faretin 'yan makaranta. In ka ɗingisa su, kan wanda ke wucewa ta ƙofar gida zai fara gyaɗawa bai sani ba. Buga ƙafarka a ƙasa, kuma kada ka yarda hannu ya riga ƙafa. Duk ɗan koyo gudu yake ƙarawa in ya zo wurin da ya iya, ya rage in ya zo wurin da bai iya ba. Gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma mun riga mun yi alkawari ba ruwanmu da shi.

Daga nan sai sautuka biyar da ake yin kiɗan kaɗaici da su. Fara daga gida na biyar a tsirkiya mai kauri: biyar da takwas, sai biyar da bakwai a tsirkiya uku masu biye, sai biyar da takwas a biyun ƙarshe. Wannan na buluz ɗin da ke zaune a A ne, kuma siffar ba ta canzawa, ja ta kawai za ka yi sama ko ƙasa. A nan kana da gata. Kunnen da ya tashi da garaya da gurmi da goge ya saba da tsani mai sautuka biyar tun yana goye. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, da ya fara jin faifan John Lee Hooker, ji ya yi kamar kiɗan gida ne, kuma faifansa da Ry Cooder, "Talking Timbuktu" na 1994, ya ci kyautar Grammy. Saurari Bombino na Agadas, ka saurari Hooker, kunnenka zai gaya maka sauran.

Sai dai akwai cutar da ke kama duk wanda ya haddace sautukan nan biyar: hawa da sauka. Ya hau tsanin, ya sauko, ya sake hawa, ba numfashi, har sai masu saurare sun tuna suna da aiki a wani wuri. Maganinta B.B. King. Mutumin nan sauti ɗaya zai danna, ya girgiza yatsansa a kai, ya bar shi ya yi ta kuka, sannan ya yi shiru. Shirun nan kiɗa ne, ka koye shi kamar yadda ka koyi kamu. Ba ya ma haɗa waƙa da kaɗawa lokaci ɗaya: ya rera, jita ta amsa. Jitarka 'yar amshi ce, kuma 'yar amshin kirki ba ta katse mai waƙa.

Koyi tura tsirkiya. Danna ta uku daga ƙasa a gida na bakwai, ka sa yatsu uku su taru su tura ta sama har sautin ya kai na gida na tara. Buga na taran tukuna ka riƙe shi a kunne, sannan ka tura ka cim masa. In ka tsaya a rabin hanya, karnukan unguwa za su sanar da kai. Game da yamutsa fuska da rufe ido da ka gani a bidiyo, kada ka yi atisayensu a gaban madubi. Ranar da turin ya kai inda ya kamata, fuskar da kanta za ta yi.

Kana iya raɗa wa jitarka suna. B.B. King ya kira tasa Lucille, saboda a 1949 a garin Twist na jihar Arkansas wasu maza biyu sun yi dambe a kan wata mata mai wannan suna, suka ture tukunyar kananzir ɗin ɗumama ɗakin rawa, wuta ta kama, shi kuma ya koma cikin wutar don ceto jitarsa ta dala 30. Ya sa mata sunan ne don ya riƙa tuna kada ya ƙara irin wannan ganganci. In kana da aure, shawarci uwargida kafin ka zaɓi sunan mace.

Akwai kamun F, inda manuni ke kwanciya a kan tsirkiya shida gaba ɗaya. A nan jitoci da yawa suka koma ƙarƙashin gado. Gwada siffar a gida na biyar tukuna, inda tsirkiya ta fi laushi, ka riƙa ja da baya gida-gida. Zai zo.

Rok kuwa buluz ne da aka jona wa lantarki. Muddy Waters ya bar gona ya koma Shikago a 1943, ya tarar hayaniyar mashaya ta fi ƙarfin jitar katako, ya koma mai lantarki. Samarin Landan suka sayi faifansa, har wasu suka ɗauki sunan ƙungiyarsu, Rolling Stones, daga wata waƙarsa. Makaminka a nan yatsu biyu ne: manuni a gida na uku na tsirkiya mai kauri, yatsan zobe a gida na biyar na ta kusa da ita. Riƙe siffar ka yi ta zamewa da ita. Rabin waƙoƙin rok da za ka so a cikin wannan suke. Kowa yana farawa da "Smoke on the Water" ta Deep Purple, wadda aka yi a kan gobarar da ta cinye wani gidan caca a Montreux ta Siwizalan a Disambar 1971. Kai ma ka koye ta, amma sau uku a rana ya isa, don zumunci. Kuma in ka ji cewa Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya tsaga lasifikarsa da reza a 1964 don sautin ya yi ƙarau-ƙarau, ka sani yanzu maɓalli ake murɗawa. In lasifikar ta aro ce, ajiye rezar. Nemi abin sawa a kunne, ka kuma san lokutan sallah da lokacin barcin jariran maƙwabta.

Ƙanwata, in ke ce ke karantawa a bayan kafaɗarsa, karɓi jitar. Sister Rosetta Tharpe tana tsaga jitar lantarki tun kafin a san Chuck Berry da Elvis Presley, kuma a 1964 ta yi wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester, bayan an tafka ruwa, sanye da kwat da takalmi mai tsini. Elizabeth Cotten bahaguwa ce, ta kifa jitar 'yan dama ba ta ko sauya tsirkiya ba, ta ƙirƙiro salonta, ta karɓi Grammy a 1985 bayan ta kai shekara 90.

Ranar da gaɓa 12 suka zauna a hannunka, ɗora waƙa. Tsarin layi uku ne: ka faɗi damuwarka, ka maimaita ta don wanda bai ji ba, layi na uku ya ba da amsa. Ba sai ka ari jirgin ƙasan Misisipi ko gonar auduga ba. Kuɗin haya, wutar da aka ɗauke ana tsakiyar kallon ƙwallo, lefen da ya ƙi haɗuwa, duk buluz ne, kuma da Hausa za su fi zama a bakinka. Ɗauki kanka a waya ka saurara washegari, sannan ka nemi aboki ko da mai buga bokiti ne, domin kuskuren da ba ka ji kai kaɗai, mutum na biyu zai tona shi a gaɓa ta uku.

In aka gayyace ku wasa na farko, wani zai tuna maka cewa Hendrix ya cinna wa jitarsa wuta a bikin Monterey a 1967. Gaskiya ne. Shi yana da wata a bayan dandamali. Kai ka tafi da tsirkiyar ko-ta-kwana, musamman siririyar, don ita ce ke tsinkewa.