Kafintocin da Ba Sa Gama Teburi

A ƙasashen da cefane ya daina zama abin fargaba, akwai mazan da ke tashi daga ofis su shige ɗaki su kama zarto da guduma don nishaɗi kawai. Babu mai biyan su, hasali ma su ke biya. Sun kuma yi rantsuwa ba za su taɓa injin lantarki ba, ga wuta ba a ɗaukewa.

Na Amurka ya fi kowa bajinta. Yana farawa da korar mota daga gareji. Sai ya yi odar abin goge katako daga kamfanin Lie-Nielsen na jihar Maine, ɗaruruwan daloli guda ɗaya, ya haɗa da tsofaffi goma na Stanley masu tsatsa. Uwargida ta ce tana son teburin cin abinci. Ya ce to, amma sai ya fara ƙera teburin aiki irin wanda Bafaranshe André Roubo ya zana a littafinsa da ya fara fitowa a 1769. Shekara ta zagayo, teburin aiki ya tsaya. Yanzu kuma sai akwatin adana kayan aiki, daga nan sai kantar ɗora akwatin. Iyali na nan suna cin abinci a kan cinya.

Na Ingila ba shi da wannan fili. Ɗan ɗakin katako gare shi a ƙarshen lambu, da kofin shayi, da zarton kakansa na ƙarfen Sheffield. Rabin lokacinsa wasa ƙarfe yake yi, ragowar kuma gardama kan yadda ake wasawa.

Japan kuwa sai dai jinjina. Can zarto da abin goge katako janyo su ake yi zuwa ƙirji, ba turawa ba. Tun 1997 suke taron Kezuroukai, inda manyan kafintoci da 'yan sha'awa ke gasar fitar da ɓawon katako mafi siranta. Gwanaye na sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, silin gashi ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Ɓawon ake aunawa, a ɗaga shi sama, a tafa. Ka tambayi me za a ƙera da katakon da aka goge, sai a dube ka da tausayi.

Kafintan unguwarmu ma ba ya gama gado a kan lokaci, amma shi aƙalla ya karɓi kafin alƙalami.